Gefen Hagu

Litinin, 14 ga Maris 1977, ƙarfe huɗu na yamma

Na dawo gida. Jiya da hantsi jirgi ya sauke ni Gombe, bayan kwana biyu bisa ƙarfe tun daga Ikko. Har yanzu in na rufe ido sai in ji ƙasa tana tafiya da ni. Maigidana Timoti ya share tsakar gida da kansa, shara irin ta maza, tsakiya fes, lunguna kuwa sai addu'a. Shekara ashirin da uku da aurenmu, sai jiya na ga tsintsiya a hannunsa, kuma wallahi ta yi masa kyau.

Wannan littafin na shirya darasin aji huɗu ne. Tunda makaranta ta ba ni hutu, bari in cika shi da kaina.

Sunan ciwon yana kan takardar asibiti. Sankarar mama. Na rubuta shi sau ɗaya, ba zan ƙara ba. An cire na hagu a watan Janairu. Daga nan aka tura ni Ikko, inda injin yake, wanda ake kwantar da mutum a ƙarƙashinsa a haska wurin don a ƙone abin da wuƙa ta bari. Na yi kwanciya goma sha biyar, saura goma. Likita ya ce in je gida fata ta huta sati huɗu, in koma ran Talata 12 ga Afrilu. Sharaɗinsa ɗaya ne: in koma da fata a rufe. In ta buɗe ta zama gyambo ba za su haska ba, za a ba wata gurbina, kuma layin masu jira ya kai wata uku. Ban tambaye shi abin da wata uku zai yi mini ba. Shi ma bai faɗa ba.

To, aikina ke nan yanzu. Wasu suna kiwon awaki, ni ina kiwon fata.

Talata, 15 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta abin da likitan ya ce tun ban manta ba. Ya ce hasken yana ci gaba da aiki a fata ko bayan an tashi daga injin, sai nan da kwana goma zan ga ainihin abin da ya yi. Ya ce kuma ba kowace mace ce take shan wuya iri ɗaya ba.

Mai jiki ta fi siririya wahala, domin inda nama ya ninku nan zufa take taruwa, nan kuma fata take gugar 'yar'uwarta. Da ya faɗi wannan sai ya dube ni ta saman tabarau. Jikin nan da matan zumunta na cocinmu suke yi wa Timoti kirari a kansa, wai ya iya kiwo, yau ga shi ya zama laifi. Mai ciwon suga kuma rauninta ba ya saurin rufewa, ni kuwa ina da ɗan nawa. Ya tambaye ni taba. Na ce ban taɓa sha ba, sai furen taba da nake gogawa a haƙori in na ci goro. Ya yi dariya ya ce shi ma in bari. Ya tambayi yanayin garinmu. Na ce Gombe a watan Maris ko ƙadangare inuwa yake nema.

Sai dokoki. Kada rana ta taɓa wurin. Ba ruwan zafi, ba soso, ba turare, ba mai kowane iri. Ba rigar mama, ba riga mai matse jiki.

Na duba takardata kamar yadda nake duba ta yara. Jiki, suga, zafin gari, waɗannan ukun na faɗi tun kafin a fara. Sauran suna hannuna, kuma ba zan faɗi ko ɗaya ba. Rigunana na makaranta duk cif tela ya ɗinka su, na ninke na zuba a akwati. A gida zani kawai nake ɗaurawa, ɗaurin ƙirji, kafaɗa a waje, iska tana shiga ko'ina. Na ji daɗin wannan dabara tawa.

Laraba, 16 ga Maris, bayan azahar

Timoti ya dawo daga tashar jirgi da atamfa sabuwa a hammata, mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye. Bai iya magana mai daɗi ba, sai ya ajiye mini a cinya ya ce, “Ta zaman gida ce, Maman Selina.” Tana da ƙarfi, har ƙara take in an warware ta. Na ɗaura nan take. Ya ce na koma amarya, na ce amarya mai gefe ɗaya. Bai yi dariya ba. Da ban faɗa ba.

Alhamis, 17 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Adda Jumma ta dawo daga Kwadon.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, shekara ashirin da biyu. Bafulatana ce mai fura da nono, ta girme ni da kusan shekara goma. Lokacin da na haifi Selina uwata tana Kaltungo ba ta da lafiya, ba ni da kowa a garin nan. Adda ce ta shigo da tukunyarta ta yi mini wankan jego, safe da yamma, kwana arba'in. Haka ta yi a sauran ukun. A wurinta babu ciwon da ruwan zafi ba ya kora. Targaɗe, ciwon baya, kumburi, har ɓacin rai.

Yau na ji sallamarta, na fito, sai ga tukunyar nan tata ta wanka, ga ganyen darbejiya, ga tsumma, ga man shanu a ƙwarya. A ƙofa kuma ta jingine damin itacen ƙirya da ta ɗauko tun daga Kwadon, wai shi ne mai wutar kirki.

Ta ce, “Malama, tashi. An yanka ki, an kai ki ƙasar Yarabawa an dawo da ke, ba wanda ya gasa miki wurin. Jini ya kwanta. Yau zan tashe shi.”

Na ce, “Adda, likita ya hana ruwan zafi.”

“Likita namiji ne?”

“Namiji ne.”

“Ya taɓa haihuwa?”

Na yi dariya, amma na ce a'a, ba za a gasa ba, man ma ba za a shafa ba. Ta ce to in buɗe ta gani. Na riƙe zanina da hannu biyu. Ban san na riƙe ba sai da na ga idonta a kan hannuwana.

Ta ce, “Ni ce fa. Babu inda ban wanke ba a jikin nan.”

Na ce, “Wannan dabam ne, Adda.”

Ta tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Itacen ma ta ɗauka. Na ji kunya, na kuma ji na yi daidai, duka a lokaci guda.

Juma'a, 18 ga Maris, da safe

Ƙwaryar fura a kan katanga, an rufe da faifai. Ba sallama.

Lahadi, 20 ga Maris, ƙarfe uku

Ban je sujada ba, sai sujada ta zo mini. Matan zumunta su takwas suka cika tsakar gida, suka yi waƙa har tantabarun maƙwabta suka tashi. Na yafa mayafi na zauna a inuwar mangwaro kamar sarauniya. Sun kawo gyaɗa, ƙwai, da labarin kowa. Yaran ajina sun aiko da wasiƙa, kuskure goma sha ɗaya a layi shida, na gyara da jan biro sannan na yi kuka kaɗan.

Wurin ya yi baƙi ƙirin, murabba'i sak, kamar an ɗora dutsen guga an manta. Yana ƙaiƙayi. Ina zama a kan hannuna don kar in sosa. Ban da wannan lafiyata ƙalau, ina ci, ina barci, mangwaron bana ya yi zaƙi. Guda ɗaya kawai nake sha saboda sugan, amma ina shan sa a hankali har ƙwallo.

Fura a kan katanga. Ba sallama.

Talata, 22 ga Maris, tsakar rana

Zafi. Ko alƙalami zufa yake.

Laraba, 23 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya

Ya buɗe.

A ƙarƙashin hammata, siririn layi kamar tsawon ɗan yatsa, ja, yana ruwa. Na sa buba mai faɗi na ɗaura zani a ƙugu na tafi asibiti wurin Sista Margaret, wadda takardar Ikko ta ce ita za ta riƙa duba ni, ita ce kuma za ta sa hannu kafin in koma. 'Yar Billiri ce, ba ta da wasa a bakin aiki. Ta wanke da ruwan gishiri, ta shafa maganin nan mai kama da tawada. Yanzu gefen hagu ya zama shuɗi, kamar yaro ya kifar da kwalba a kan littafi.

Ta yi mini tambayoyi. Ruwan zafi? A'a. Mai? A'a. Rana? A'a. Rigar mama? Tana akwati. Na cinye duka. Ta ce to jiki ne da zufa, in riƙa ɗaga hannu iska tana shiga. Ta ce akwai sauran lokaci.

Saura kwana ashirin.

Juma'a, 25 ga Maris, da yamma

Ina zaune hannu ɗaya a sama kamar yaron da ya san amsa. Timoti yana yi mini fifita da murfin kwali, yana kallon bango. Tun watan Janairu bai ga wurin ba. Ban nuna ba, bai tambaya ba. Muna zaman lafiya a haka.

Ya dafa shinkafa da wake. Waken ya ƙi nuna, shinkafar ta wuce gona da iri. Mun cinye tas.

Asabar, 26 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ya ƙaru. Layin ya miƙe ya nufo gaba, ya kai tsawon tafin hannu. Sista ta ɓata fuska ta ce, “Malama Juliana, wani abu yana cin wurin nan kullum. Ki faɗa mini gaskiya, ba wata tsohuwa da take gasa miki a ɓoye?” Na ce na kori tsohuwar da kaina.

A hanyar dawowa na tsaya a bakin tasha ina kallon jirgin kaya yana wucewa. Na yi lissafin wata uku daga Afrilu. Yuli. Selina za ta gama kwalejin horon malamai a Disamba. Ban san me ya sa na lissafa wannan ba.

Ban ci abincin rana ba. Na yi wa Timoti tsawa a kan murfin tulu.

Lahadi, 27 ga Maris, ƙarfe huɗu

Zan rubuta wannan dalla-dalla.

Bayan azahar na ga faifai yana hawa katanga, da hannun da yake tura shi. Kwana goma ke nan hannun kawai nake gani. Na ce, “Adda.” Hannun ya tsaya. Na ce, “Zo ki gani.”

Ta zagayo ta ƙofa. Muka shiga ɗaki na saki labule. Na kwance zanin na bar shi ya sauka ƙugu, na kau da kai. Na jira salati, ko kuka, ko a ce sannu. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kama gwiwar hannuna ta ɗaga, ta matso da ni wajen taga, ta duba kamar mai duba saniyar da za ta saya. Ta daɗe.

Ta ce, “Ɗinkin ya yi kyau. Wanda ya yi shi ya san aikinsa.” Sannan ta ce, “Ɗaura zanin in gani.”

Na ce me?

“Ɗaura yadda kike ɗaurawa.”

Na ja atamfar nan mai tsuntsaye zuwa ƙirji, na zagayo da ita, na ja ta tamau, na murɗa bakin, na soke a ƙarƙashin hammatar hagu. Sai da na soke na ji zafin. Kullum ina jin sa, na ɗauka na ciwon ne.

Adda ta sa yatsa ta bi bakin zanin ba tare da ta taɓa ni ba. Inda ya bi, nan layin ya bi. Inda na soke, nan ya fi zurfi.

Ta ce, “Sau nawa kike gyara ɗaurin nan a yini?”

Wa yake ƙirgawa? In na tashi, in na zauna, in na sunkuya. Tunda babu abin da zai riƙe shi a gefe ɗaya, zamewa yake, ni kuma sai in ƙara tamkewa.

Ta ce, “Kayya, Malama. Sawun zani ne. Duk wadda ta yi goyo a bazara ta san layin nan, mai lafiyar fata ma yana cin ta, balle ke. Ga atamfa sabuwa ko wanki ba ta gani ba, bakinta kamar zarto. Ke da karatunki duka!”

Na zauna a bakin gado. Likita ya ce kada in sa riga mai matsewa, na cire riga. Bai ce zani ba, domin bai san yadda muke yini a cikin gida ba. Sista ba ta gani ba, domin ba wadda take zuwa asibiti da ɗaurin ƙirji. Ni kuma ban taɓa lissafa zani cikin abin da yake matse mutum ba. Tun ina 'yar shekara goma hannun dama yake ɗaurawa ya soke a hagu, ba ya neman izinina.

Na fara dariya, ta juye kuka, Adda ta bar ni na yi. Sannan ta leƙa waje ta ce, “Baban Selina, kawo tsohuwar jamfarka, wadda ta fi kowace laushi.” Ya kawo da gudu. Ya tsaya a bakin labule, sai Adda ta ce, “Shigo mana, matarka ce.” Ya shigo. Ya gani. Bai kalli bango ba. Shi ya zura mini jamfar da hannunsa, yana kaffa-kaffa kamar mai ɗaukar ƙwai.

Da ya gane atamfar da ya sayo mini ce ta jawo, sai da na riƙe shi, wai zai kai ta murhu.

Litinin, 28 ga Maris, da hantsi

Ni ce nan cikin farar jamfar Timoti, zani a ƙugu, kamar wani dattijon coci. Mai kawo ruwa ya gaishe ni da “ranka ya daɗe” kafin ya ɗaga ido.

Talata, 29 ga Maris, ƙarfe sha biyu

Adda ta raka ni asibiti, ta faɗa wa Sista da bakinta. Sista ta dafe kai, ta ɗauko biro ta rubuta a bayan katina, ta ce daga yau duk wadda ta dawo daga Ikko sai ta tambaye ta yadda take ɗaura zani. Ta ce a riƙa wanke wurin sau biyu a yini da ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri.

Fuskar Adda ta washe. “Tafasasshe?”

Sista ta ce, “A tafasa, Inna, sannan a bar shi ya huce sarai. Sai ya yi sanyi kamar na randa.”

Adda ta tashi, na bi ta muka fito. A bakin ƙofa ta ce, “To mene ne amfanin wutar?”

Alhamis, 31 ga Maris, da yamma

Yanzu haka muke yi. Safe da la'asar Adda tana tafasa ruwa a tukunyarta ta wanka, ta sauke, ta rufe, mu zauna mu jira. Tana kallon tururin yana tafiya kamar an kwance mata akuya. “Dubi, Malama, ruwa yana mutuwa ina kallo.” Kafin ya huce mun gama da unguwa kaf, wa ya sayi babur, wa ya tafi aikin siminti a Ashaka, 'yar wa ta ƙi miji. Sannan ta tsoma gwiwar hannu ta gwada, ta yi tsaki, ta ɗiga mini da auduga a hankali. Hannun da ya saba murza mutum har ya yi ihu, yanzu ko ƙuda ba zai kora ba.

Ban taɓa jin daɗin jiran wani abu kamar jiran ruwan nan ba.

Asabar, 2 ga Afrilu, da safe

Ya daina ruwa.

Litinin, 4 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Bakin layin yana haɗewa daga gaba. Wurin sokewar ne ya rage, kamar ƙwayar gyaɗa biyu. Sau uku yau na kama hannuna yana jan zani sama. Adda ta ce in ta ƙara gani za ta ɗaure shi a ƙafar gado.

Hadari ya taso ta gabas, ya yi ta cika baki, ya watse.

Alhamis, 7 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya

Sista ta ɗaga hannuna ta duba, ta kira wata ma ta duba. Ta ce sabuwar fata ce, siririya kamar yanar madara, amma a rufe take. Ta ce can Ikko su ne masu magana ta ƙarshe, kuma kwanciya goman da suka rage za su sake taɓa wurin, in shirya. Sannan ta sa hannu.

Na fito na tarar da Adda a kan benci tana jan carbi. Na ɗaga mata katin. Ta ce alhamdu lillahi, na ce na gode wa Ubangiji, muka sayi rake muka sha a hanya kamar 'yan mata. Gaɓa ɗaya na sha, ta ƙwace sauran.

Asabar, 9 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Jirgi ƙarfe goma. Ista za ta same ni a hanya, wataƙila wajen Kafanchan. Timoti ya karɓi hutu, wannan karon tare za mu. Jamfa uku ya zuba mini a jaka, shi ya bar wa kansa ɗaya. Atamfar mai tsuntsaye an wanke ta sau huɗu ta yi laushi, tana ƙuguna.

Adda ta shigo da galan na ruwa, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ta ce, “Na hanya ne. Tun asuba na dafa. Taɓa ki ji.” Na taɓa, sanyi ƙalau. Ta ce ba za ta je tasha ba, nononta zai yi tsami. Ƙarya take, na san ba ta son in ga fuskarta.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, “In Allah ya dawo da ke, in an gama duka, in likitan naku ya yarda, ranar zan yi miki wanka na gaske. Mai zafi. Sai kin yi ihu unguwa ta ji.”

Na ce, “Na yarda, Adda.”

Da ta fita na taka turmi na leƙa ta katanga, abin da ban yi ba tun ina amarya. Damin ƙiryar nan na Kwadon yana jingine a bayan ɗakinta. Duk tafashe-tafashen kwanakin nan da kara ta yi su, ba ta zari ko ɗaya ba. Ta ɗora shi a kan duwatsu, ta rufe da tsohon kwanon rufi saboda ruwan farko, ta danne da bulo.

Timoti yana kira. Na sauka.